Ki fara sanin gidan da kika shiga: shawara ga sababbin zuwa Ingila

Duk 'yar uwar da ta kira ni a makonta na farko a Manchester, tambayarta ba ta wuce biyu: ina ake samun garin tuwo, kuma ina masallaci mafi kusa. Amsar duka mai sauƙi ce. Ki hau bas ki sauka Cheetham Hill ko Longsight, za ki tarar da mahauta masu naman halal da shagunan da ke sayar da kuɓewa, doya, manja da garin semo. Kuka da daddawa ne gara ki taho da abinki. Kilishi da dambun nama kuwa ki bar su a gida, domin doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu.

Abin da ba a cika tambayata ba, wanda kuma ya fi jawo wa iyalanmu wahala, shi ne gidan kansa.

A wajenmu gida a buɗe yake. Ana shanya a tsakar gida, ana girki iska na kwashe tururi, ruwa in ya zube rana ta shanye shi. Nan kuwa an gina gida ne don ya riƙe zafi, to kuma yana riƙe danshi tare da shi. Hunturunmu na farko, saboda tsoron sanyi da kuɗin gas, na rufe kowace taga ruf, ina shanya kayan yara a kan hita, tukunyar tuwo tana tafasa ba murfi. Kullum da asuba sai in ga ruwa na gangarowa a jikin gilashi. Wata rana na janye katifar yara don in share, sai ga bangon baya ya yi baƙi ƙirin da fumfuna tun daga ƙasa har tsayin gwiwata, ga wari kamar na tsumma da ya kwana a ruwa. A lokacin ƙaramina ya kwana biyu yana tari, ban taɓa haɗa tarin da bangon ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale, nan kusa da mu. Binciken kotu a 2022 ya tabbatar da cewa fumfunar da ya daɗe yana shaƙa a gidan hayarsu ce sanadi, bayan iyayensa sun sha kai kuka. Daga baya aka yi doka da sunansa. Allah ya ba iyayensa haƙuri. Saboda haka ki riƙa buɗe taga kowace safiya ko da na minti goma ne, ki rufe tukunya, ki kunna fankar zuƙe tururi a kicin da banɗaki, ki goge ruwan gilashi, ki bar tazara tsakanin gado da bango. Idan kin yi duk wannan fumfuna na dawowa, matsalar ta gini ce. Ki ɗauki hoto, ki rubuta wa mai gidan haya, ki adana saƙon. In ya share ki, kansul, wato ƙaramar hukumar unguwarku, na da sashen da ke duba lafiyar gidajen haya. Kunya da kawaicin da aka raine mu da su suna da muhallinsu, amma kada su hana ki magana a kan numfashin ɗanki.

Sai batun buta. Yawancin banɗakunan nan ba su da rariya a ƙasa, kuma a ƙarƙashin ledar katako ne. Ruwan alwala da na tsarki in yana zuba kullum, a hankali zai ratsa ya ɓullo a silin na ƙasa, ko na falonku ko na maƙwabci. Ki koya wa yara wanke ƙafa a cikin bahon wanka, ki ajiye tsumma na musamman kusa. Turaren wuta ma haka: na'urar gargaɗin hayaƙi da ke manne a silin za ta yi ihu, amma don Allah kada a cire mata batir. Ki rage garwashi ko ki koma kaskon lantarki, ki buɗe taga. Man suya da ya yi saura kada ki juye shi a sinki, domin yana daskarewa ya toshe bututu.

Ranar da kuka karɓi makulli, kafin a shigo da ko akwati ɗaya, ki zagaya da waya ki ɗauki hoton kowane bango, kafet da mitar wuta da ta gas. Kuɗin ajiyar da kuka ba mai gida a matsayin jingina, a yawancin gidaje doka ba ta yarda ya wuce hayar mako 5 ba, kuma wajibi ne mai gida ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ranar tashi waɗannan hotunan ne shaidarki. Ki kuma nemi takardar duba gas, wadda ake sabuntawa duk shekara. Akwai harajin kansul da ake biya ban da haya. Gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne masu cikakken karatu an ɗauke masa, amma sai an nema.

Na san zuciya na son ta mayar da ɗaki nata. Kafin ki yi fenti ko baban yara ya huda bango ya rataya talabijin, a nemi izinin mai gida a rubuce. Kujeru da gadaje kuwa kada ki ci bashi a kansu. Shagunan ƙungiyoyin agaji da Facebook Marketplace cike suke da kaya masu kyau a farashi mai rahusa, wasu ma kyauta. Teburin da yarana ke aikin gida a kai, na hannu ne. Babansu ya goge shi da sanfefa a ranar Asabar, suka shafa masa fenti tare, har yau suna nuna wa baƙi ƙafar da kowa ya fenta.

Likita: ku yi rajista da likitan unguwa, wanda ake kira GP, tun kuna lafiya, kyauta ne. Lambar gaggawa 999, ta neman shawarar lafiya 111. Gurbin makarantar yara ta hannun kansul ake nema, kuma shekarar karatu a Satumba take farawa.

Inda na fi jin tausayin sababbin zuwa shi ne reno. Babu kaka, babu 'yar riƙo, babu maƙwabciyar da za ki ce wa "ga su nan, bari in je kasuwa". Doka ba ta yanke shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai ba, amma laifi ne a bar shi cikin yanayin da zai iya cutuwa, kuma makaranta na sauraron abin da yara ke faɗa. Dukan yaro an haramta shi gaba ɗaya a Scotland tun 2020 da Wales tun 2022. A Ingila ma duka mai barin tabo na iya kawo jami'an kula da yara ƙofarku. 'Yan uwa maza, ina roƙonku: aikin da mata biyar suke yi a babban gida, nan ya dawo kan mace ɗaya. Kai yara makaranta, fitar da shara ranar da motar kansul ke zuwa, wanke-wanke, ba su rage girman kowa ba.

A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi Magariba. Azahar, La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu. Duhun nan na taɓa zuciya, musamman ga wadda take wuni a ɗaki da jariri. Ki fita kullum, ko laburare ko wurin wasan yara na unguwa. Hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, na ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D duk shekara, saboda ranar nan ba ta isar mu.

In Maris ya shigo, ki nemo robobin yogot, ki huda ƙasansu, ki shuka alayyahu da tumatir a bakin taga. Kada ki fitar da su waje sai ƙarshen Mayu, lokacin da sanyin dare mai ƙona ganye ya wuce. Yakuwa tana son zafi fiye da abin da sararin Manchester ke bayarwa, don haka tawa a cikin kicin take zama, kusa da tagar da ke kallon kudu.