Kurakuran da sabbin 'yan ƙungiyar ma'aikatan otal ke ta maimaitawa

Wallahi na gaji da ganin sabbin shiga harkar ƙungiyar ma'aikatan otal a nan Amurka suna faɗawa rami ɗaya. Ga wanda bai sani ba, in kamfani zai gina otal a filin gwamnatin birni ko da tallafin kuɗinta, a wasu birane akan sa shi ya sa hannu kan yarjejeniya cewa ba zai yaƙi ƙungiya ba, zai bari a shiga a yi magana da ma'aikata, in mafi yawansu suka sa hannu a kati ya amince da ita ba sai an je zaɓen hukumar ƙwadago ta tarayya, NLRB, ba, ita kuma ƙungiya ta ɗau alkawarin ba yajin aiki ba zanga-zanga a bakin ƙofa.

Babban kuskuren, wanda har yau nake jin zafinsa, shi ne a ƙulla da mai gini kaɗai. Mai gini fa ba shi ke ɗaukar masu gyaran ɗaki ba! Yana gamawa zai miƙa wa wani kamfanin ya gudanar ko ya sayar baki ɗaya, sabon manaja ya ce shi bai san zancen ba. Haka aka yi mana a wani otal, wata da watanni muna bin mata masu gyaran ɗaki gida-gida bayan sun taso aiki a gajiye, katuna suka cika, sai lauyansu ya ce takardar ba ta hau kan mai gudanarwa ba, gidan abincin ƙasa ma an ba wani haya. Waɗanda suka fito fili su aka bari a rana. Tun daga nan ni duk takardar da ba ta ambaci mai gudanarwa da 'yan haya da duk wanda zai saya nan gaba ba, ko kallonta ba na yi, kuma sai an shigar da ita cikin takardar hayar filin kanta, da sunan mai raba gardama da wa'adin yanke hukuncinsa. Mai ganin na cika tsanani ya duba Marriott na San Faransisko: alkawari tun 1980, aka buɗe otal a 1989, sai da aka sha kotu, amincewa da ƙungiya sai 1996, kwangilar farko kuwa 2002.

Na biyu na kansilolin da ke son mu ne, masu cika doka da yabon ƙungiya. Don Allah ku daina, cutar da mu kuke! Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1935 ba ta bar wa birni hurumin tsara wannan harka ba, ƙofar da ta rage kawai ita ce birni ya tsaya a matsayin mai dukiya da ke tsoron yajin aiki ya ja masa asara. Da wannan dokar birnin Pittsburgh ta tsira a shari'ar ƙungiya da kamfanin otal na Sage a kotun ɗaukaka ƙara a 2004, don sharaɗin ya tsaya kan aikin da kuɗin birni ke ciki. Gundumar Milwaukee kuwa, duk da ita ba kan otal ba ne, ta zarce gona da iri aka soke nata a 2005.

Sauran ƙanana ne. Kar a fara cinikin albashi kafin a samu rinjaye. Wa'adin yarjejeniya ya fara lissafi daga ranar buɗe otal, don gini kan ci shekaru. Kar a miƙa katuna alhali ba a gama ɗaukar ma'aikata ba. In kuma a Florida, Jojiya ko Alabama kake, nemi lauya tukuna, Kotun Ƙoli ta saki shari'ar Mulhall, wani ma'aikaci da ya ƙalubalanci irin wannan yarjejeniya, a 2013 ba tare da hukunci ba, hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta yankin ya zauna, don haka a can har yanzu ana iya kai ƙara a ce irin wannan yarjejeniya toshiya ce aka ba ƙungiya.