Yadda za ka jagoranci ɗakin tiyata har ƙaramin ma'aikaci ya iya buɗe baki

In kai ne babban likita a ɗakin tiyata, aikinka na farko tun kafin ka wanke hannu shi ne ka cire wa na ƙasa da kai tsoronka. Mu an rene mu ne a kan yaro ba ya gyara wa babba zance, a gida tarbiyya ce mai kyau, amma a kan mara lafiyar da aka sa wa barci wallahi wannan kunyar tana iya cin rai. A 2005 a Ingila wata mata 'yar shekara 37 ta shiga tiyatar hanci mai sauƙi, da aka sa mata barci sai aka kasa zura bututun numfashi, wata nas ta gane inda aka dosa har ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta faɗa, amma manyan likitoci uku duk hankalinsu na kan bututun nan, ba wanda ya kula ta. Bayan kwana 13 matar ta rasu.

To ka fara da gaisuwa, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, har ɗalibin da ya raɓe a jikin bango. Wanda ya riga ya yi magana sau ɗaya a ɗaki, ta biyun ba ta yi masa nauyi. Sannan ka faɗa da bakinka: "Duk wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba ya tsayar da ni, ko da wuƙa na hannuna."

Sai takardar jerin abubuwan da ake dubawa a kowace tiyata, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, abubuwa 19 ne, ana tsayawa sau uku. Kafin a sa barci a tabbatar da sunan mara lafiya da wace tiyata da wane ɓangare, dama ko hagu, akwai maganin da jikinsa ba ya so, kuma in ana tsoron zai zubar da jini sama da mil 500 an tanadi jini? Kafin a tsaga fata kowa ya dakata cak, a tabbatar an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. Kafin a fita da shi a ƙirga kaya. Da aka gwada ta a asibitoci 8 a ƙasashe daban-daban, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Ka bar nas ta karanta da ƙarfi kai kana amsawa, don ni abin da ya fi ci min rai shi ne a gama aiki sannan wani ya zauna ya cike takardar shi kaɗai kamar rajistar zuwa aiki. A wajenmu kuma ka ƙara da naka: janareta na da mai? silindar oksijin a cike take? in aka ɗauke wuta wa zai riƙe tocila?

In za ka ba da umarni kar ka ce "wani ya kawo jini", ba wanda zai motsa don kowa na zaton da ɗan'uwansa ake. Kira suna. "Sista, a ɗauko jini leda ɗaya." Ita kuma ta maimaita, "jini leda ɗaya", in ta ɗaura ta ce an ɗaura. Magani ma haka, suna da adadi, a maimaita.

Kai kuma ƙaramin ma'aikaci kar ka tsaya kwana-kwana da "ko dai" da "ina ga kamar". Ladabi na nan, amma maganar ta fito a miƙe: "Cif, jinin da ya zubar a kwalba ya kai lita ɗaya, bugun zuciya na hawa, a dakata a duba." In bai ji ba ka sake faɗa da ƙarfi, in har yanzu shiru ka gaya wa likitan sa barci. Haka in an ƙirga goz, wato ƙyallen da ake tsane jini da shi, ko allura an ga babu ɗaya, ba a rufe ciki sai an nemo, ko dare ya raba ko kowa ya gaji. Kuma Cif, in Sista ta tsayar da kai aka duba aka ga ba komai, ka ce mata madalla a gaban kowa, don in ka harare ta yau gobe ko ta ga goz ɗin da idonta shiru za ta yi.