Yadda za ka riƙe ƙwarin da ke yi wa gonarka barbara

Idan kankanarka ta fito a karkace, gefe guda ya cika ɗayan ya motse, ko ƙananan 'ya'yan kabewa suna yin ɗorawa suna zubewa tun ba su kai dunƙulen hannu ba, kada ka yi saurin ɗora laifin a kan taki ko iri. Sau da yawa ƙwarin da ke kai bununi daga fure zuwa fure ne suka yi ƙaranci. Gero, dawa, masara, shinkafa da alkama ba ruwansu da wannan, iska ta ishe su. Amma kankana, kabewa, gurji, mangwaro da albasar da aka bari ta yi iri sun dogara da ƙwari ƙwarai, riɗi da kuɓewa da auduga kuma suna ƙara auki idan ƙwari na ziyartarsu.

A Turai da Amurka an daɗe ana kuka da raguwar wani ƙaton ƙudan zuma mai gashi da masana ke kira Bombus. A 2017 Amurka ta sa wani nau'insa cikin halittun da ke dab da ƙarewa, a 2018 kuma Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari guda uku a fili saboda illarsu ga ƙudan zuma. Shi wannan ƙwaro ba ya rayuwa a kudu da Sahara. Mai irin aikinsa a nan shi ne babban baƙin ƙudan nan mai gunji, wanda ke huda busasshen itace, wani da rawaya a ƙeya. Furen tumatir, gauta da yalo ba ya sakin bununi sai an girgiza shi. Wannan ƙudan yana kama furen ya kaɗa shi da ƙarfin jikinsa, abin da ƙudan amya ba ya iyawa. Bayan shi akwai galla da ba ta harbi, da ƙananan ƙudaje masu zaman kaɗaici a ramin ƙasa. Ba mai kiwon su, shi ya sa ba a lura da tafiyarsu.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su shi ne feshi, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi domin ba ya cin ko sisi. Furen wake yana buɗewa da sassafe ya rufe kafin azahar. Na kankana da kabewa ma haka, kuma yini ɗaya tak macen furen ke da shi. Daga fitowar rana zuwa hantsi nan ne ƙwarin ke kan aiki, kuma daidai lokacin ne mafi yawan manoma ke goya tankin feshi don gudun zafin rana. Mayar da feshinka bayan la'asar sakaliya, dab da magariba, lokacin da furanni suka rufe, iska ta kwanta. Maganin zai bushe cikin dare, ƙarfinsa ya ragu kafin safiya.

Wannan dabarar tana rage ɓarnar magunguna masu kashewa da taɓawa, irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin. Amma ba ta isa ga magunguna masu shiga jikin shuka ba. Karanta jikin kwalba: idan ka ga imidacloprid ko thiamethoxam, to gubar tana bin ruwan shukar har cikin zaƙin fure da bununi, ta daɗe a ciki. Irin waɗannan kada su kusanci shukar da ta fara huda, ko safe ko yamma. Chlorpyrifos da dimethoate su ma masu zafi ne a kan ƙudan zuma. Kada ka wuce ma'aunin da aka rubuta, kada kuma ka gauraya kwalba biyu ko uku a tanki ɗaya don "ya fi ci". Tun da tsutsar tumatir da ake kira sharon ta cinye tumatirin Kadawa da Kura a jihar Kano a 2016 wannan gauraye ya zama jiki, alhali yawan feshi da magani iri ɗaya shi ne ke sa tsutsar ta daina jin magani, ya kuma share ƙwarin da ke cin ta.

Wake ba ya bukatar feshi kowane mako. Sau biyu zuwa uku a kan lokaci ya wadatar: da zai fara huda, da fure ya cika, da kuma lokacin da kwanso ke kamawa. Ga ƙananan ƙwari masu tsotso, gwada 'ya'yan darbejiya. Ɓare busassu, ka daka ƙwayar rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ka tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin feshi, ka sa ɗan sabulu don ya kama ganye. A yi amfani da shi a ranar, shi ma da yamma. Ba ya kashewa nan take, yana hana ƙwaro ci ne, sai an yi haƙurin kwana biyu uku.

Abin da ake yawan mantawa shi ne wankin tanki. Ruwan da ka zubar ya kwanta a bakin kwalbati, da rani shi ƙudan zai sha. Haƙa ɗan rami nesa da hanyar ruwa, ka zuba, ka rufe da ƙasa. Sannan ka ajiye musu nasu: kasko mai faɗi, a jera tsakuwa ta ɗan ɗara ruwan don su sami wurin sauka, a inuwa. Sauya ruwan duk kwana biyu saboda sauro.

Sai abinci. Furen kankana na 'yan makonni ne, ƙwaro kuwa yana ci duk shekara, kuma yunwarsa ta fi tsanani daga hunturu zuwa bazara. Itatuwa ne ke ɗaukar wannan nauyi. Magarya tana fure wajen ƙarshen damina, gawo ya karɓa da shigowar rani lokacin da komai ke bushewa, mangwaro a cikin sanyi, ɗorawa da darbejiya da zafi ya fara. Duk gawon da aka sare don gawayi, an rufe rumbun wata guda ne. Lokacin sassabe, idan ka tarar da kututturen da ke tofo, zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran. Wannan ya fi dashe saurin kamawa, don saiwar tana nan da ranta. A iyakar gona bar taku ɗaya ko biyu da maganin ciyawa ba ya taɓawa, karkashi, tafasa, rama da yakuwa su yi fure. Jera zogale a tazarar mita 2 zuwa 3. Baƙin ƙudan nan yana son furensa sosai.

Mafi yawan ƙudaje masu zaman kaɗaici a ƙasa suke gida, cikin ramuka masu faɗin tsinken ashana zuwa fensir, a jikin kunya ko gaɓar rafi. Garma da wuta ke rushe su. Ware wani ɗan tudu da ruwa ba ya kwanciya, kada a huɗe shi, kada a ƙona. Ga masu shiga itace kuma, nemi busasshen gungumen da ba a shafa wa baƙin mai ko fenti ba, ka huda ramuka masu faɗin milimita 3 zuwa 10, zurfin santimita 10 zuwa 15, ba tare da ka ɓulla ta baya ba. Goge bakin ramin ya yi sumul, don sartse yana yaga fiffike. Rataye shi kamar mita ɗaya daga ƙasa, bakin yana duban gabas, ƙarƙashin rumfa yadda ruwan sama da ranar azahar ba za su same shi ba. Idan ya taɓa ƙasa gara za ta ci shi, tururuwa kuma ta kwashe ƙwai. Ƙanana uku a wurare daban sun fi babba ɗaya, don cunkoso yana tara cuta. Sauya su bayan shekara biyu. Shi babban baƙin ƙudan da kansa yake huda gidansa. Ajiye masa busasshen reshe mai taushi, kaurin cinya, zai rage damun katakon rufinka. A hana yara kashe shi, ba ya harbi sai an damƙe shi.

Idan kankana ta riga ta yi fure kuma ba ka ganin ƙwari, yi barbarar da hannu. Tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe, tsinko namijin fure, wanda ba shi da ɗan ƙullutu a gindi, ka cire ganyayensa, ka goga tsakiyarsa a tsakiyar macen, mai 'yar kankana a ƙarƙashi. Zagaya duk ɓangarori uku na kan macen, domin ɓangaren da bununi bai taɓa ba shi ne gefen da ke motsewa. Namiji ɗaya ya ishi mata biyu.

Ƙwaro bai san iyaka ba. Ƙudan amya yana tafiyar kilomita biyu ko uku neman fure, don haka feshin safe na maƙwabcinka zai same shi. A wuraren noman rani da gonaki ke manne da juna, a kai maganar gaban ƙungiyar manoma ko mai unguwa, a tsayar da lokacin feshi ɗaya, a kuma sanar da masu amya kwana guda kafin a fesa.