Ga masu neman asalin danginsu

Jama'a, kafin ku kashe kuɗin mota zuwa gidan adana takardun tarihi na Kaduna, ku fara zama da tsofaffin gida, musamman gwaggo da kaka. Ku ɗauki muryarsu a waya: garin da aka baro, sarkin lokacin, har tsagar fuskar gidan. Ku leƙa gafakar kakanni ma, akan tsinci sunaye da ranakun haihuwa da ajami.

A Kaduna, ku nemi rahotannin harajin gundumarku, Turawa kan rubuta asalin ƙauyuka a ciki. Amma fa sun murɗe sunaye, Sakkwato ta koma Sokoto. In an ce kakanku ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda Turawa suka yi da Sarkin Musulmi Attahiru, ku bi sawu ta garin Mai Wurno a Sudan, inda masu hijira bayan yaƙin suka zauna.