Saɓar tsakar damisa: kurakuran da ke cinye mata yatsu

Na gaji da ganin hoto iri ɗaya daga sababbin masu kiwo: ƙafar tsaka, yatsa ɗaya ya yi baƙi ƙirin, tsohuwar fata ta ɗaure shi kamar zare, ana tambayar maganin da za a shafa. A lokacin nan galibi bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ina magana ne kan tsaka mai zanen damisa, wadda ake sayarwa a shagunan dabbobi a nan Ingila da Amurka da sunan leopard gecko. Ta sha bamban da tsakar bangon gidajenmu: tana lumshe ido, kuma ba ta iya manne wa bango.

Tushen matsalar shi ne jin cewa dabbar busasshiyar ƙasa ce. Gaskiya ne asalinta duwatsun Afganistan, Pakistan, Iran da arewa maso yammacin Indiya ne. Amma a can ba a rana take wuni ba. Cikin tsaguwar dutse da ramuka masu laima take kwana, sai magariba ta fito farauta. Saboda haka akwatinta ya zauna da danshin iska kashi 30 zuwa 40 cikin 100, amma dole a ba ta ɗakin laima guda. Ni robar abinci mai murfi nake hudawa a gefe, in goge bakin hujin kada ya yanke ta, in shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu mai kauri a ciki, in ajiye a kusa da ɓangaren ɗumi, wato gefen akwatin da ake ɗumama mata. Wasu gansakuka suke sawa. Na fi son tishu don ina ganin dattinsa da wuri, kuma ba ta cika haɗiye shi ba.

Yin robar ba shi ne aikin ba, jiƙa ta kullum shi ne aikin, kuma a nan na yi asarar da har yau take ci mini rai. A sanyina na farko da tsakata, na'urar ɗumama ɗaki ta busar da iska kamar tsakiyar hunturu. Tishun ya bushe ƙamas kwana da kwanaki ban duba ba. Ta yi saɓa, na ga baya fes, kai fes, launi ya fito rawaya shar, na ce an gama. Ban ɗaga ƙafarta ba. Wata saɓar ta zo ta hau kan ta farko, zoben fata ya shaƙe yatsu biyu na ƙafar baya, jini ya daina kaiwa. Da na kai ta wurin likitan dabbobi, bakin yatsun ya riga ya mutu. Wutsiya in ta guntule tana sake tsirowa, ko da ba kamar ta da ba. Yatsa ba ya dawowa. Dabbar da kan yi shekara 15 zuwa 20 za ta ƙare rayuwarta da dungu saboda minti biyu da ban ba ta ba.

Don Allah ku ƙirga yatsu. Ashirin ne, biyar a kowace ƙafa. Washegarin kowace saɓa a duba su ɗaya bayan ɗaya a cikin haske, sannan bakin wutsiya, gefen ido da ƙarƙashin wutsiya. Babba kan yi saɓa duk mako 4 zuwa 8, ƙarama mai girma kuwa kusan duk mako ɗaya ko biyu. Wanda wannan ya yi wa yawa bai shirya kiwo ba.

Sai masu gaggawa, waɗanda da sun ga ragowar fata sai su ɗauko hantsaki su fizge ta a bushe. Haba! Busasshiyar fatar ta kama sabuwa, tana iya tahowa da farce ko ta bar gyambo, tsakar kuma in ta firgita sai ta yar da wutsiya. Abin da nake yi: ruwan ɗumi wajen digiri 30 a ma'aunin Celsius, wanda bai wuce cikinta ba, ta tsaya a ciki minti 10 zuwa 15 ina zaune ina sa mata ido. Daga nan in jiƙa audugar goge kunne in riƙa murza fatar a hankali zuwa bakin yatsa. In ta ƙi, in bari sai gobe. Wadda ruwa ke tsorata ta, ina sa ta a roba mai hujin iska da tishu mai ɗumi na tsawon wannan lokaci.

Ido kam ba na taɓawa. In fata ta maƙale a ciki, ko ido ya rufe da kwantsa, likita ne. Sau da yawa ƙarancin bitamin A ne ya jawo, musamman in saɓa na ta lalacewa alhali laima na nan. Garin kalsiyam kaɗai ba ya wadatarwa. A nemi garin bitamin na dabbobi masu rarrafe wanda ke da bitamin A, a barbaɗa wa ƙwari daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwani, don yawansa ma cuta ne. Gyare da tsutsotsin da zan ba ta kuwa sai sun ci karas da kabewa tukun.

Sauran ƙanana ne. In ta yi fari fat kamar an bula mata toka, a daina ɗaukarta. In ta ƙi abinci kwana ɗaya ko biyu a lokacin, ba ciwo ba ne. In ba a ga saɓar ba, cinye abarta ta yi, haka suke yi. Kada a feshe akwatin gaba ɗaya da ruwa, laima mai yawa na kawo ciwon numfashi. Basilin da man girki ba su da wuri a jikinta. A sa mata dutse mai kaushi ko ɓawon itace da za ta goga hanci ta fara ɓare fatar. Ƙasan ɓangaren ɗumi ya kasance wajen digiri 32, kuma da ma'auni ake aunawa, ba da tafin hannu ba.