Kurakuran da aka fi yi wajen juye kaset da CD a laftof

Yawancin masu kukan sun juye kaset a laftof sauti ya fito a shaƙe ko yana fashewa manhaja suke zarga, sai ka ga mutum ya cire Audacity, manhajar ɗaukar sauti, ya ɗora wata, ita ma ya cire ta ya nemo wata, alhali matsalar tun a wayar da ke haɗa rediyo da laftof ta faro kafin sautin ma ya iso kwamfutar.

Babban kuskuren dai shi ne cusa wayar rediyon kaset a ramin makirfo. Ramin nan don ɗan siginar makirfo mai rauni aka yi shi, abin da ke fitowa daga bayan rediyo kuwa ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa da an buga ganga ko mai magana ya ɗaga murya sai sautin ya tarwatse. Ga shi kuma ramin makirfo kusan duk mono ne, cikin sautin hagu da na dama ɓangare ɗaya zai ɗauka ya watsar da ɗayan. Laftof na yanzu ma rami ɗaya tal gare su na iyafis da makirfo a haɗe, fulogi mai baƙin zobe uku yake so, in ka sa mai zobe biyu sai ya ɗauka iyafis ka jona, ya ci gaba da ɗaukar sauti ta makirfon jikinsa kai ba ka sani ba. Gwaji mai sauƙi, danna rikodin ka tafa hannu kusa da allon, in mitar ƙarfin sauti da ke cikin manhajar ta yi tsalle to ɗakinka kake ɗauka ba kaset ba.

Maganinsa ɗan akwatin sauti na USB mai ramin da aka rubuta wa Line In, irin mai karɓar wayar nan ja da fari. Ka duba da kyau fa kafin ka saya, don ƙananan nan masu kama da filashi mafi yawansu ramin makirfo ne da na iyafis kawai, ka ga ba ka tsere wa komai ba kenan.

To ka jona akwatin, sai Windows ta fara nata. Sau da yawa a matsayin makirfo take karɓarsa ta sa shi a mono, sai ka shiga saitin sauti wajen Recording, ka buɗe Properties, a Advanced ka zaɓi 2 channel, 16 bit, 44100 Hz. Ka kashe duk wani abu na gyaran murya da rage hayaniya da ke wurin, don kiran bidiyo aka yi su, kiɗa a wajensu hayaniya ce, za ka ji waƙa tana nitsewa tana tasowa. In Audacity ba ta ga akwatin ba, galibi don ka riga ka buɗe ta ne kafin ka jona, rufe ta ka sake buɗewa. In layin sautin da kake ɗauka ya fito a miƙe ɗoɗar babu motsi, duba ko ka ba manhajoji izinin amfani da makirfo a saitin sirri. Wani lokacin kuma rikodin ya yi lafiya lau amma ka kunna shiru, wannan Windows ce ta mayar da fitar sauti kan akwatin, mayar da shi kan lasifikar laftof shi kenan.

Sai ƙure ƙara. Mutane na son su ga mita ta cika har ja, amma a dijital in sauti ya taɓa 0 dB, wato ƙarshen mitar, kansa yankewa yake, kuma abin da ya yanke ya tafi. Nemo inda kaset ɗin ya fi ƙara ka saita ta yadda ba zai wuce wajen -6 dB ba, ƙara ƙarfi daga baya abu ne na dannawa ɗaya.

In kana jin wani gunji a ƙasan sautin ba ya tsayawa, huuum haka, zare cajar laftof ka saurara. Sau tari nan take yake ɓacewa, don gunjin wutar lantarki ne mai 50 ko 60 Hz ke biyo waya. Yi aikin da batir, sai dai ka tabbata zai kai ka, kaset C90 minti 45 ne kowane gefe, ka kuma hana laftof ɗin yin barci a tsakiyar aiki.

Shi kansa rediyon ana mantawa da shi, ni kuma a ganina rabin ingancin aikin a nan yake. Buɗe murfin ka kalli ɗan ƙarfen da zaren kaset ke gogawa, in ka ga jan datti kamar tsatsa ya manne masa, to shi ke cinye siririn sautin har ya koma kamar ana magana cikin bargo. Ɗan auduga a tsinke da sifirit, ka goge shi, ka goge siririn ƙarfen da ke juyawa da baƙar tayar robar da ke matse zaren, ka bari su bushe. In murya tana lilo tana hawa da sauka, bel ya saki ko batirin rediyon ya yi sanyi, babu saitin laftof da zai gyara wannan. Kaset ɗin da ya shekara ashirin a ajiye kar ka danna masa kunnawa kai tsaye, tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi zaren ya warware, sannan ka leƙa ta ƙasa ka ga ɗan soson nan da ke bayan zaren yana nan bai faɗo ba, in babu shi sautin zai dusashe. Akwai kuma madannin Dolby na rage shuuu ɗin kaset, in ba da shi aka ɗauki kaset ɗin ba ka kunna shi sauti zai toshe, gwada duka biyun ka bar kunnenka ya zaɓa.

CD kuwa ba a ɗaukarsa ta waya sam. Tun fitowarsa a 1982 dijital ne, 44,100 Hz da 16 bit, kwafe shi ake yi kai tsaye da manhaja irin Windows Media Player ko Exact Audio Copy, cikin 'yan mintoci an gama kuma ba a rasa komai ba. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne buɗe faifan a ga Track01.cda, Track02.cda, a ja su zuwa folda a ce an kwafa. Duba girmansu, kowanne bayit 44 ne kacal, alama ce kawai ta inda waƙar take a faifan, da ka fitar da CD ɗin ba za su yi ko tari ba. In faifan yana tsalle goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, kar ka bi zagaye. Na'urar CD ta USB da ke juyawa tana tsayawa kuma yawanci wuta ce ba ta ishe ta, jona ta a jikin laftof kai tsaye.

Wajen ajiyewa, Save a Audacity fayil ɗin aikinta take ba ka wanda wayar hannu ba za ta kunna ba, Export za ka yi. Fara fitar da WAV ko FLAC, nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti, ka adana, WAV na cin kamar MB 10 a minti ɗaya, daga shi sai ka yi MP3 na turawa, don duk gyaran da ka yi wa MP3 ka sake ajiye shi ƙara lalacewa yake. Rage shuuu ɗin kaset ma a yi shi kaɗan-kaɗan, kuma a kan kwafi, in ka matsa masa muryar ce za ta koma tana ɓulɓul.