Amarya a Yamai, ga yadda za ki tsara fitar Asabar

Wata bakwai ke nan da aka kawo ni Yamai daga Tawa, kuma ni ce mai tsara fitarmu da maigida. Ƙanwata amarya, fara da neman yardar angonki tun ranar Alhamis, ku ware jika biyar ko abin da ya sawwaƙa.

Kada ku fita kafin la'asar, ranar garin nan ba ta da sauƙi. Idan ba ki taɓa shiga gidan tarihi na Boubou Hama ba, ku fara da can, ki ga zakuna da dorina, ki tsaya wajen maƙeran azurfa. Nan maigidana ya saya mini zobe, har yanzu yana hannuna.

Daga nan ku gangara bakin kogi kusa da gadar Kennedy. Ni dai a nan zuciyata take. Ruwa ya yi ja, masunta na dawowa da kwalekwale, hira ta zo da kanta. Ku riƙo kilishi a hanya, ki ɗanɗana kafin a naɗe, don wani yajinsa ya yi yawa. In akwai yunwa, dambu da zogale ya isa.

Kiɗa kuwa, ki riƙa sauraron sanarwar rediyo a kan wasannin cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda. Ku yi sallar magariba tukuna, ki ɗauki mayafi mai kauri in lokacin ɗari ne. Ku karɓi lambar mai taksi tun da wuri, samun mota bayan an tashi yana da wuya.